Daga Janiba Zuwa Ƙofar Makaranta: Yadda 'Yancin Addini Yake Isowa Gida

A shekarar 2013 wasu 'yan mata biyu, ɗaliban makarantar gwamnati a Legas, suka kai gwamnatin jihar ƙara saboda an hana su shiga aji da hijabi. Babbar Kotun jihar ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2014, ta ba gwamnati gaskiya, tana mai cewa makarantar gwamnati ta kowa ce, don haka tufafin ɗalibai su zama iri ɗaya. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a watan Yuli na 2016. Gwamnati ba ta haƙura ba, ta garzaya Kotun Ƙoli. Sai ranar 17 ga Yuni, 2022 maganar ta zo ƙarshe, inda alƙalai biyar daga cikin bakwai suka ce hana hijabin ya tauye 'yancin addini. Shekara tara ke nan ana shari'a, waɗanda suka shigar da ƙarar tuni sun bar makarantar da aka yi rigimar a kanta.

Abin da kotun ta dogara da shi, wato sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, yana nan a rubuce tun kafin a haifi yaran. Shi kansa sashen yana da tushe mai nisa, wanda ya haɗa shi da takardun da ƙasashen duniya suka amince da su a Paris da New York. Tambayar da ta dace mu yi ita ce: me ya sa abin da yake a rubuce ƙarara yake ɗaukar shekara tara kafin ya isa ƙofar makaranta, kuma su wa yake bi ta hannunsu?

Asalin maganar ranar 10 ga Disamba, 1948 ne, lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam a Paris. Sashenta na 18 ya ce kowane mutum yana da 'yancin tunani da imani da addini, har da ikon canza addininsa, da bayyana shi ta hanyar ibada da koyarwa da aiki, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ƙasashe 48 suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, takwas suka ƙaurace, babu wadda ta ce a'a. A lokacin Nijeriya tana hannun Ingila, Nijar tana hannun Faransa, ba wanda ya tambaye mu. Daga Afirka gaba ɗaya ƙasashe huɗu ne a zauren: Masar, Habasha, Laberiya da Afirka ta Kudu. Masu cewa takardar ta Turawa ce suna da hujja a nan, kuma bai kamata a raina hujjar ba.

Amma gardamar da aka yi a kan sashe na 18 ba tsakanin Turawa da Musulmi aka yi ta ba kawai. Charles Malik na Labanan ne ya dage a sa maganar canza addini. Jamil Baroody, wakilin Saudiyya, ya ƙi, yana tsoron kada 'yan mishan da ke tafe da ƙarfin mulkin mallaka su fake da ita, kuma Saudiyya tana cikin waɗanda suka ƙaurace. Shi kuwa ministan harkokin wajen Pakistan, Muhammad Zafrullah Khan, ya goyi baya, ya kafa hujja da cewa Alƙur'ani bai yarda a tilasta wa mutum imani ba. Masar da Iraƙi da Iran da Siriya da Turkiyya duk sun amince. Wannan saɓanin bai mutu ba. Da aka zo rubuta yarjejeniyar da za ta ɗaure ƙasashe a shari'a, wato Yarjejeniyar Haƙƙoƙin Jama'a da na Siyasa ta 1966, wadda ta fara aiki a 1976, sai aka sassauta lafazin, aka ce mutum yana da 'yancin riƙe ko ɗaukar addinin da ya zaɓa. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1986, Nijeriya a 1993, Gana a 2000.

Yarjejeniyar ta raba abu biyu, kuma duk wanda bai gane wannan rabon ba zai sha wahalar fahimtar hukunce-hukuncen kotuna. Akwai abin da yake cikin zuciya, akwai kuma bayyana shi a fili. Na zuciya ba a taɓa shi ko kaɗan, ko a lokacin yaƙi ko dokar ta-ɓaci. Na fili kuwa hukuma tana iya yi masa iyaka, amma da sharuɗɗa: sai da doka rubutacciya, sai kuma idan ya zama dole don kare lafiyar jama'a, ko tsaron rayukansu, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko haƙƙin wasu. Kwamitin masana da ke sa ido kan yarjejeniyar a Janiba ya yi ƙarin bayani a 1993, ya ce kariyar ta shafi manyan addinai da ƙanana, tsofaffi da sababbi, har da wanda ba ya bin kowane addini. Ya kuma ce idan za a kafa hujja da tarbiyya, kada a ɗauko ma'auninta daga al'ada guda ɗaya tak. A fassararmu ta gida, wannan ya haɗa da Bamaguje a ƙauyukan Kano da Katsina, da Azna a ƙasar Arewa ta Nijar, kamar yadda ya haɗa da limami da fasto.

Kotun Ƙolin Nijeriya ta nuna inda iyakar take a shari'u biyu da suka shafi mabiya ɗariƙar Shaidun Jehobah, waɗanda ba su yarda da ƙarin jini ba. A ta farko, wata mata baliga ta ƙi a ƙara mata jini, likitanta ya mutunta ra'ayinta, ta rasu. Kotun ladabtar da likitoci ta hukunta shi, amma a 2001 Kotun Ƙoli ta wanke shi, ta ce baligi mai hankali yana da ikon zaɓar abin da za a yi da jikinsa bisa imaninsa. A ta biyu, jariri ne yake bakin mutuwa, uwarsa ta ƙi. Aka samo umarnin majistare aka ƙara masa jini ya rayu. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce an yi daidai, domin imanin iyaye ba zai zama dalilin rasa ran yaron da bai kai ga zaɓa wa kansa ba. Mun kuma ga irin wannan iyaka da idonmu a 2020, lokacin annobar korona, da aka rufe masallatan Juma'a da coci-coci na wani lokaci. Mutane da yawa sun ji zafin abin, amma dalilin lafiya yana cikin waɗanda doka ta yarda da su, matuƙar an yi wa kowa daidai kuma ba a zarce lokacin buƙata ba.

To ta wace hanya takardar ƙasa da ƙasa take shigowa gida? Nan ne Nijeriya da Nijar suka rabu, kowace ta gaji tsarin wanda ya mulke ta. A tsarin Faransa da Nijar ta bi, kamar yadda kundin tsarin mulkinta na 2010 ya tanada, yarjejeniyar da aka tabbatar aka kuma wallafa tana sama da dokar majalisa kai tsaye. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin Yuli na 2023. A Nijeriya kuwa sashe na 12 ya ce babu wata yarjejeniya da za ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Sa hannun shugaban ƙasa bai isa ba. Har yau ba a mayar da yarjejeniyar 1966 dokar gida ba, saboda haka lauya yana iya ambatonta don jan hankalin alƙali, amma ba zai ce ta ɗaure alƙalin ba.

Wadda aka mayar doka ita ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi, wadda shugabannin Afirka suka amince da ita a Nairobi a 1981. Majalisar Nijeriya ta yi mata doka a 1983, zamanin Shehu Shagari, kuma sashenta na 8 ya tabbatar da 'yancin imani da yin addini. A shari'ar da Gani Fawehinmi ya yi da gwamnatin Abacha, Kotun Ƙoli ta bayyana a 2000 cewa wannan yarjejeniya doka ce da kotunan gida za su yi aiki da ita, tana da nauyi fiye da dokokin majalisa na yau da kullum, amma tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Wannan takarda 'yan Afirka ne suka rubuta ta, ba za a ce baƙuwa ce ba.

Shi kuma sashe na 38 yana da tarihin da ya shafi Arewa kai tsaye. Gab da samun 'yancin kai, ƙananan ƙabilu a yankuna uku suka nuna tsoron cewa manya za su danne su idan Turawa suka tafi. Aka kafa kwamitin Henry Willink a 1957, ya zagaya ƙasa yana sauraron koke, ciki har da na Kiristoci da masu addinin gargajiya na Arewa. A rahotonsa na 1958 bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan adam a cikin kundin tsarin mulki, aka kwafo yawancinsu daga yarjejeniyar Turai ta 1950. Shugabannin yankuna uku, har da Sardauna, suka karɓa. Tun daga kundin 1960 har zuwa na 1999 sashen yana nan. Ya tanadi cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini da ba nasa ba ko shiga ibadarsa, kuma ba za a hana wata al'umma koyar da addininta a makarantar da ita kaɗai take ɗaukar nauyinta ba. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 42 ya hana wariya, sashe na 45 kuma shi ne ya ba da damar yin iyaka.

Saboda haka a Nijeriya ba rubutu ne ya yi ƙaranci ba. Cikas ɗin yana hannun mutanen da rubutun yake bi ta wurinsu, kuma yawancinsu ba alƙalai ba ne. Shugabar makaranta ce da ke tsaye a bakin ƙofa da safe. Jami'in ofishin filaye ne da fayil yake kwana a teburinsa. Baturen 'yan sanda ne da zai yanke shawarar ko ya tura motar sintiri ko ya yi shiru. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, don haka duk mai son gina wurin ibada a gari sai ya sami takardar mallaka. Shekaru da dama shugabannin Kiristoci a wasu jihohin Arewa suna kukan cewa samun wannan takarda don gina coci yana gagara, Musulmi a wasu sassan Kudu suna irin wannan kukan game da masallaci da maƙabarta. Babu dokar da ta ce a hana su. Fayil ne kawai ba ya motsi, kuma da wuya a kai fayil mara motsi gaban alƙali. A ganina irin wannan tauyewa ta shiru ta fi yawa nesa ba kusa ba a kan wadda jaridu suke bugawa, kuma babu wani kwamiti a Janiba da zai gano ta.

Makarantu su ne fagen da aka fi gwabzawa, domin a nan gwamnati da iyaye da masu addini suke haɗuwa a kan yaro guda. A Ilori, a 2021, gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma na ɗan lokaci saboda rikicin hijabi. Makarantun 'yan mishan ne suka kafa su, amma gwamnati ce take biyan malamai, kowane ɓangare yana cewa tasa ce. A Gana a wannan shekarar aka yi rigima biyu a jere. Makarantar Wesley ta 'yan mata a Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma azumin Ramadan, abin ya tayar da ƙura a ƙasar baki ɗaya. Makarantar Achimota a Akara kuma ta ƙi karɓar wasu samari biyu 'yan Rasta sai sun aske gashinsu, Babbar Kotu ta umarce ta a watan Mayu da ta karɓe su. Wanda ya ji daɗin hukuncin hijabi na Legas ya sani cewa hujjar da ta kare shi ita ce ta kare ɗan Rasta a Akara, ita ce kuma take kare ɗalibar Kirista a makarantar gwamnati a Gusau ko Dutse idan ta nemi a koya mata darasin addininta. Ba a raba sashen gida biyu a ɗauki rabi.

Kada a zaci mu kaɗai ne muke fama da wannan. Turai da take yawan yi mana wa'azi ba ta tsira ba. Faransa ta hana alamun addini masu bayyana a makarantun gwamnati a 2004, ta hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010. Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta goyi bayanta a 2014, bisa wata ƙa'ida da ke ba kowace ƙasa sarari ta auna yanayinta da kanta, irin abin da Bahaushe yake nufi da mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma a 2018 kwamitin Janiba ya duba ƙarar wasu mata biyu da aka ci tararsu saboda niƙabi, ya ce Faransa ta tauye musu haƙƙi. Faransa ba ta canza dokar ba. A 2009 mutanen Suwizalan suka kaɗa ƙuri'ar hana gina hasumiyar masallaci, alhali hasumiyoyi huɗu ne kacal a ƙasar. A 2011 kotun Turai ta yarda a bar gicciye a bangon azuzuwan Italiya. Ƙa'idar mai ɗaki tana da amfani, domin Faransa ba Italiya ba ce, Kano ba Legas ba ce. Illarta kuwa ita ce mai ɗakin kusan kullum shi ne mai rinjaye, wanda yoyon yake zuba a kansa kuwa shi ne maras yawa. Musulmin Faransa ya san wannan, Kiristan Sakkwato ma ya sani.

Inda maganar ta fi tsauri a wajenmu shi ne ɓatanci, kuma ba amfanin kewaye-kewaye. Ga Musulmi, taɓa mutuncin Annabi (SAW) ya fi taɓa iyayensa zafi, kuma duk wanda zai yi magana a kan wannan batu ba tare da ya san haka ba, ba za a saurare shi ba. Dokokin Nijeriya sun daɗe da hukunta cin mutuncin addini. Sashe na 210 na dokar laifuka ta Arewa ta 1960 da sashe na 204 na ta Kudu duk sun tanadi ɗauri har na shekara biyu. Bayan da Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, Kano ta sa hukuncin kisa a sashe na 382 na dokarta ta 2000. A watan Agusta na 2020 wata kotun shari'a a Kano ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa, ta kuma ɗaure wani yaro shekara goma. A Janairun 2021 Babbar Kotun jihar ta saki yaron, ta ce a sake shari'ar mawaƙin domin an yi ta ba shi da lauya. Daga nan maganar ta haura har Kotun Ƙoli, inda ake neman ta faɗi ko sashen ya dace da kundin tsarin mulki.

Matsayin ƙasa da ƙasa a nan a fili yake. Kwamitin Janiba ya ce a 2011 dokokin ɓatanci ba su dace da yarjejeniyar 1966 ba, sai dai inda maganar ta kai ga tunzura jama'a ga ƙiyayya ko wariya ko tashin hankali, wanda sashe na 20 ya wajabta wa ƙasashe su hana. Sashe na 6 kuma ya taƙaita hukuncin kisa ga mafi munin laifuka. A watan Afrilu na 2025 Kotun ECOWAS da ke Abuja ta yanke cewa sashe na 210 da na 382 na dokokin Kano sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka, ta umarci Nijeriya ta soke su ko ta gyara. Gwamnatin Kano ta fito ta ce ba za ta canza ba. Ga kuma wani ƙulli na shari'a: gwamnatin tarayya ce aka kai ƙara, amma dokar ta majalisar jihar Kano ce, kuma Abuja ba ta da ikon goge ta da alƙalami. Kotun ECOWAS ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Nijar ma ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, 'yan ƙasarta sun rasa wannan ƙofa gaba ɗaya.

Duk da haka ba gaskiya ba ne a ce tsarin duniya ya ba kowa lasisin zagi. A 2018 kotun Turai ta tabbatar da tarar da Ostiriya ta ci wata mata da ta yi wa Annabi ƙazafi a wani taron lacca. A Disamban 2023 Denmak ta yi dokar hana wulaƙanta littattafan addini bayan ƙone-ƙonen Alƙur'ani. A 2011 ƙasashen Musulmi da na Yamma sun haɗu a kan ƙuduri mai lamba 16/18 na Majalisar Haƙƙin Ɗan Adam, wanda ya karkata ga kare mutane daga tsangwama saboda addininsu. A 2012 kuma masana suka fitar da ma'aunin Rabat mai tambayoyi shida da alƙali zai yi kafin ya ce magana ta zama tunzurawa: a wane yanayi aka yi ta, wa ya yi ta, da wace niyya, me aka faɗa kuma ta yaya, ina ta kai, kuma yaya kusancinta da haddasa ɓarna. Tazarar da ta rage tsakanin Kano da Janiba ta fi yawa a kan girman hukunci da kuma fayyace laifin, kuma wannan tazara ce da malaman fiƙihu da lauyoyi za su iya zama a kanta.

Abin da babu wata doka, ta Musulunci ko ta boko ko ta duniya, da ta yarda da shi shi ne taron jama'a su zama masu ƙara, su zama alƙali, su zartar. A ranar 12 ga Mayu, 2022 aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, Sarkin Musulmi da kansa ya yi tir da kisan. Bayan shekara guda aka kashe wani mahauci Musulmi a garin, bisa irin wannan zargi. A Janairun 2015, bayan zanen mujallar Charlie Hebdo, an ƙone coci-coci da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, alhali babu ɗayansu da ya zana komai. Haƙƙin addini ya ɗora wa hukuma nauyi biyu: kada ita ta tauye, kuma ta hana wasu su tauye. Idan aka yi kisa a fili, da rana, aka ɗauka a waya, sannan ba a hukunta kowa da laifin kisan ba, hukuma ta kasa a na biyun.

Ta taɓa kasawa a na farkon ma, kuma da yawanmu mun kau da kai. A Disamban 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya. Kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar an binne mutum 347 a kabari guda, ya ba da shawarar a gurfanar da masu hannu, ya kuma zargi ƙungiyar malamin da tare hanyoyi da raina hukuma. A Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin sakin malamin, gwamnati ta ƙi bi, sai a Yulin 2021 da wata kotu a Kaduna ta sallame shi. Mutum yana iya ƙin aƙidar Shi'a iya ƙinsa, yana iya jin haushin tattakin da ya tare masa hanya, doka ma ta ba hukuma damar tsara yadda za a yi tattaki. Amma ba a biyan tare hanya da rayuka ɗari uku. Shirun da aka yi a wancan lokaci ya raunana bakinmu duk ranar da muka tashi yin kuka a kan namu.

Wani zai ce ai matsin lamba daga waje shi ne magani. Tarihinmu na kusa bai nuna haka ba. Safiya Husaini a Sakkwato a 2002 da Amina Lawal a Katsina a 2003 kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ne suka wanke su daga zargin zina, da hujjojin mazhabar Malikiyya irin su damar janye iƙirari da batun kwantaccen ciki. Har sai da ƙungiyar BAOBAB mai kare haƙƙin mata ta roƙi 'yan waje su dakata da wasiƙun da suke ta aikowa, domin wasu cike suke da kurakurai, kuma suna ƙara tunzura mutane. Sudan ta rataye Mahmud Muhammad Taha a 1985 bisa zargin ridda, amma 'yan Sudan ne da kansu suka cire laifin ridda daga dokarsu a 2020, bayan juyin juya halinsu. Jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini da Amurka take fitarwa, wanda ta sa Nijeriya a ciki a 2020, ta cire ta a 2021, ta mayar a 2025, ya samo asali ne daga dokar majalisar Amurka ta 1998. Dokar ƙasa guda ce, tana tafiya da siyasar wanda yake mulki a can. Tana iya sa gwamnati ta ji kunya, amma tana kuma sa Musulmi da Kirista su shiga gasar ƙirga gawarwaki, alhali wanda ya tayar da bam a cocin Madalla a Kirsimetin 2011 da wanda ya kai hari babban masallacin Kano a Nuwamban 2014 aƙidarsu ɗaya ce.

Shi ya sa nake ganin aikin yana wuyan shugabannin addini na gida fiye da kowa. Majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1999, tana da Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci a matsayin jagorori. Da za su tattara duk takardun neman filin masallaci da na coci da suka maƙale a ofisoshin jihohi, su kai wa gwamnoni tare a fayil guda, da sun yi abin da rahoton wata ƙasa ba zai yi ba. Haka malamin da ya yi huɗuba a kan hijabin Legas, muna jiran mu ji muryarsa ranar da aka hana wata yarinya a garinsu abin da sashe na 38 ya ba ta, ko da ba addininsu ɗaya ba.

Ga mai karatu kuma da aka tauye masa wannan haƙƙi, ba sai ya nemi hanyar Janiba ba, domin Nijeriya ba ta shiga ƙarin yarjejeniyar da ke ba mutum ɗaya damar kai ƙara can ba. Sashe na 46 ya ba shi ikon zuwa Babbar Kotu a jiharsa. Ƙa'idojin shari'ar haƙƙin ɗan adam na 2009 sun umarci alƙalai su yi la'akari da Yarjejeniyar Afirka da takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, sun ce daɗewar lokaci ba ta kashe irin wannan ƙara, sun kuma yarda wani mutum ko wata ƙungiya su shigar da ita a madadin wanda ba shi da hali. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofisoshi a jihohi, kuma tana karɓar koke ba tare da an biya ko kwabo ba.